Katin Inna Ya Iso Bayan Tafiyarta

Argungu,
Jihar Kebbi.
12 ga Sha'aban.

Zuwa ga yayana Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Baiwa da yaro Ni'imatullahi. Yaya Jidda, yaya aiki, yaya kuma haƙurin da Allah Ya ɗora mana? Allah Ya ƙara mana dangana, Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya. Maigida Malam kullum yana fadama, shinkafar rani ta yi kyau bana, in ban da tsadar man injin ban-ruwa da ke ta cin mutane. Riskuwa ta shiga izu na goma. Ikrima kuwa ya fara tafiya, ba abin da ke tsira a tsakar gida, jiya ma kwanon gishiri ya juye a randa. Gwaggo Ummu Hani ta zo daga Birnin Kebbi makon jiya ta kwana biyu, idonta na hagu ne dai ke ta ba ta wahala.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali duk Juma'a muna gaisawa ta waya. Abin da ke cikinta ya fi ƙarfin waya. Sau uku ina ɗauko zancen, da na ji muryarka sai in koma tambayar lafiyar yaro. Saƙon murya kuma ka san halinsa, yau yana wayarka, gobe yana wayar wanda ba ka taɓa gani ba. Shi ya sa da na ji Alhaji Sunusi zai tafi umrar azumi, na roƙe shi ya damƙa maka wannan hannu da hannu. Ka karanta kai kaɗai tukuna. Abu biyu zan gaya maka. Na farko na ɓoye maka shi tun Inna na da rai. Na biyu kuma bayan rasuwarta na aikata shi, har yau ina cikinsa.

Bara, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, aka yi ta sanarwa a rediyo, mai unguwa ma ya sa aka yi shela, cewa gwamnati ta ware wani tallafi don lafiyar marasa galihu, wato tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da naƙasassu. Duk wanda aka rubuta za a ba shi kati, ya riƙa ganin likita yana karɓar magani kyauta a ƙaramin asibitin unguwa. In ciwo ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibiti, can ma katin ya tsaya masa. Ka san shekarun da Inna ta yi tana fama da ciwon suga da hawan jini. Abin da ba ka sani ba, tun da magani ya yi tsada ta koma raba ƙwaya biyu da wuƙa, ta sha rabi yau, rabi gobe. Abin da kake aiko mata ba ya tsayawa a kanta, ka san hannunta, duk gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba a layinmu sai ta sani. Ranar da nake share mata ɗaki na tarar da rabe-raben ƙwayoyin cikin gwangwanin madara. Da na yi mata magana ta ce wai jikin tsohuwa ba ya buƙatar ƙwaya cikakkiya.

Don haka da jin sanarwar na tafi gida na ce ta shirya. Ta ƙi. Ta ce ita ba marar galihu ba ce, tana da ɗa a ƙasa mai tsarki, tana da tukunyar da take gumin shinkafa, a bar wa waɗanda ba su da kowa. Na yi lallashi, na ce dukiyar jama'a ce kuma ita ma tana da haƙƙi a ciki, amma kamar ina magana da bango. Sai da Laure ta sa baki. Ka tuna Laure, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda suke gumin shinkafa tare da Inna tun ba a haife ni ba. Ita ma hawan jini gare ta, kuma ka san ba ta da ɗa ko jika a raye. Ita ce ta dubi Inna ta ce, "Ke wagga mata, girman kai ba ya sauke jini. Mu tafi tare, in kunya ce mu raba ta biyu." Inna ta yi dariya ta yarda. Sai dai Allah bai nufa su tafi taren ba. Ana gobe rajista aka aiko wa Laure cewa ƙanwarta ta rasu a Augie, ta ɗauki mayafi ta tafi. Yini ɗaya tak aka ba unguwarmu. Kafin ta dawo an rufe.

A makarantar firamare aka yi rajistar. Mun isa tun da sassafe, ba mu kai gaban tebur ba sai bayan azahar, ga zafin bazara. Yaya, ban san akwai masu ciwo da yawa haka a unguwar nan ba sai ran nan. Mutanen da na ɗauka sun bar gari ko sun rasu, ashe suna kwance ne a ɗaka, duk an fito da su, wani a kura, wani a goye. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta rubuta sunan Inna, ta ɗauke ta hoto, sannan ta ce ta ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura mai haske. Na'ura ta ƙi karɓa. Aka gwada manuni, ta ƙi. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Aka goge su da auduga, aka ce ta shafa a goshi, wata mata ta ciro man kaɗanya daga jakarta aka shafa, duk a banza. Daga ƙarshe ma'aikaciyar ta juya tafin hannun Inna ta duba da kyau, ta ce ai zanen yatsun ne ya shafe gaba ɗaya. Ni kaina ban taɓa duban hannun Inna irin na ran nan ba. Yatsun sumul suke kamar bayan cokali. Shekara arba'in na ruwan zafi da ƙaiƙayin shinkafa. Inna ta karɓe hannunta ta ce, to shinkafa ta cinye su, in ana nema a tambayi mutanen Argungu, suna cikin cikinsu. Duk ajin aka fashe da dariya, har da ma'aikaciyar. Ta rubuta mana 'yar takarda, ta ce mu je ofishin shirin a Birnin Kebbi, can ake ba da uzuri ga irin su Inna, amma dole sai sun gan ta da idonsu.

Sau uku muna zuwa Birnin Kebbi. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro Abuja. Na biyu yana nan, amma ba wuta, injin ba mai, muka zauna a baranda har aka tashi aiki, muka kwana gidan Gwaggo, washegari ma haka, muka dawo. Sai a na uku aka sa hannu, aka ce mu koma gida mu jira, sunanta zai fito daga sama. In faɗi gaskiya, ba wanda ya wulaƙanta mu. Kowa sannu Hajiya, a yi haƙuri Hajiya, wani har kujerarsa ya ba ta. Da ma zaginmu aka yi, da na san wanda zan riƙe a zuciya.

Tsakanin zuwa na biyu da na uku ne abin ya faru. Suna gumi da Laure, garwashi ya faɗo mata a ƙafar dama, wajen ƙaramin yatsa. Ba ta ji ba. Ciwon suga ya riga ya kashe mata jin ƙafa, sai Laure ce ta hango ta yi salati ta ture shi. Ƙunar ba ta fi kwabo ba, muka ɗaure da tsumma mai tsabta muka ɗauka ba komai. Ranar zuwanmu na uku damina ta riga ta sauka. A hanyar dawowa taya ta fashe mana kusa da Ambursa, aka sauke mu cikin ruwan sama, muka tsaya a taɓo kusan awa biyu ana neman mai faci. Da muka iso gida na kwance ɗaurin, na ga wurin ya yi fari ya kumbura. Daga ran nan ƙafar ba ta sake komawa daidai ba.

Na kai ta ƙaramin asibitin unguwarmu wurin Malama Kausar. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka kawo ta. Ita ke riƙe da wurin, ita ce likita, ita ce unguwarzoma, ita ke ba da magani, wata rana ita ke shara. A bayan kujerarta akwai kabad mai ƙofar gilashi cike da maganin shirin, har da irin wanda Inna ke sha da allurar da ƙafar ke buƙata. Ta duba takardar sunaye, ba sunan Inna. Ta ce duk kwalin da ya fita daga kabad ɗin nan sai an rubuta lambar katin mai shi, kuma ana zuwa a bincika. Ta faɗi haka kanta a ƙasa. Kullum da safe takan wanke wa Inna ciwon ta ɗaure, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, sauran kuma mu sayo a kemis gwargwadon hali. Tun mako na biyu ta ce a kai ta babban asibiti. Inna ta ce a'a, kati na hanya, mi ne na gaggawa, ba za ta sa a sayar da gonar kowa ba saboda ƙuna. Duk Litinin nakan je in duba ko suna ya fito. Inna na zaune a benci da ƙafa a miƙe, tana kallon kabad ɗin nan.

Ga abu na farko da na ɓoye maka. Na ce zan gaya maka, Inna ta hana. Ta ce ta san halinka, za ka watsar da aiki ka taho, kuma in ka fito takardunka ba za su bar ka ka koma ba, ga iyali. Da na matsa, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe min nonon da na sha ba. Ban taɓa jin irin wannan magana a bakinta ba. Don haka duk Juma'ar da ka kira ta bidiyo, nakan tayar da ita zaune, in gyara mata ɗankwali, ta ɗauko muryarta ta lafiya ta yi maka barkwanci, tana tambayarka ko Larabawa sun koya maka cin gurasa ba miya. Ni nake riƙe da wayar, ina karkatar da ita don kada ka ga ƙafar. Wata biyu muna haka. Na bi maganar uwa, amma na zalunce ka, don da ka sani da ka aiko an kai ta tun da wuri, ko ta so ko ta ƙi. Wannan yana cina kullum.

Sai da ciwon ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta, Malama Kausar ta ce ita kam ba za ta ƙara yin shiru ba. Ta rubuta takarda, ta tsaya har sai da aka sa Inna a mota. Ran nan ne na ce maka ciwo ya ɗan tashi, kai kuma ka aiko da abin da ka aiko kafin magariba, Allah Ya saka maka. A babban asibitin Birnin Kebbi likita ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni gefe. Ya ce da wata ɗaya baya muka zo, yatsa ɗaya za a cire a huta. Yanzu dafi ya shiga jini, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, shi ma ba tabbas. Ya tambaye ni me muka tsaya jira. Na ce kati. Ya ci gaba da rubutu. Inna ta ce da ƙafa biyu ta zo duniya, da biyu za ta koma. Gwaggo ta yini biyu a kanta tana roƙo tana kuka, har ranar Laraba ta ce to, a yi, saboda yaran nan. Aka sa aiki ranar Asabar. Ranar Alhamis bayan la'asar ta farka, ta tambaye ni ko an kwashe shanyar shinkafa don ta ji ƙamshin hadari, ta ce a ba Laure babbar tukunya. Sai ta yi kalmar shahada, ta cika. Sauran ka san shi.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in aka yi sallama a ƙofa. Na fita na tarar da Malama Kausar tsaye da ambulan a hannu, na ce ta shigo, ta kasa. Ta miƙo min kawai ta ce sunaye sun fito. Na buɗe, ga katin. Ga hoton Inna da mayafinta mai ruwan ƙasa, wanda aka ɗauka ranar rajista. Ga sunanta cikakke, a ƙasa kuma an yi wani rubutu da Turanci da jar tawada. Malama Kausar ta ce ma'anarsa mai wannan kati ba a neman ta dangwala yatsa. Ihu bayan hari ke nan. Na sa shi a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba, har kai.

Bayan rasuwar Inna, Laure ta ci gaba da gumi ita kaɗai, amma duk wanda ya gan ta ya san ta karye. Da kaka, wata safiya na je gidanmu ɗaukar tabarmi, na lura ba hayaƙi a bayan katanga. Na leƙa na same ta kwance gefen murhu, baki ya karkace, hannun hagu ya saki. Muka ɗauke ta zuwa wurin Malama Kausar. Da ta auna jinin sai da ta sake aunawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba. Ta ce wannan gargaɗi ne, in ba ta riƙa shan magani kullum ba fashi ba, na biyun ba zai bar ta ba. Muka yi ƙoƙari ni da Malam na 'yan makonni, maƙwabta ma suka taimaka. Amma ka ji yadda ambaliya ta yi da gonakin fadama bara, kowa ta kansa yake yi. Watan bai ƙare ba na ga Laure ma ta fara neman wuƙa tana raba ƙwaya.

Sai na ciro katin na tafi Birnin Kebbi, da niyyar in sanar da rasuwar in roƙi a mayar da gurbin ga Laure. Na samu Malam Hodi, wanda ya sa wa Inna hannu. Na ajiye katin a teburinsa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya yi salati, ya ce ya tuna ta, tsohuwar nan mai gumi. Sannan ya yi min bayani cewa ba a mayar da gurbin wani ga wani. In aka rubuta rasuwa, a soke suna, gurbin ya koma sama. Sabuwar rajista kuma sai in an sabunta tallafin, shi kansa bai san ko za a sabunta ba, bai ma san ko aikinsa zai kai baɗi ba. Na ce to ita Laure fa? Can sai ya sa yatsa ya turo min katin a hankali, ya ce takardar da ake cikewa ta sanar da rasuwa ta ƙare musu, in dawo in an bugo wata. Na tambaye shi yaushe. Ya ce Allah masani. Na dube shi, shi kuma ya dubi taga.

Tun daga tasha har Argungu ban san inda mota ta bi ba. Da na isa gida na gaya wa maigida Malam abin da ke raina, cewa Laure ta riƙa karɓar magani da katin Inna, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan ha'inci ne ko da wane suna na kira shi, kuma in asiri ya tonu ba ni zan fara ɗanɗanawa ba, Malama Kausar ce, mai 'ya'ya huɗu da miji marar lafiya. Gaskiya ya faɗa. Na ce masa kawai na riga na binne tsohuwa ɗaya ina kallon kabad. Daga ƙarshe ya ce ba da yawunsa ba, amma ba zai tsare min ƙofa ba. Laure ta fi shi wuya. Da bakinta da bai gama miƙewa ba ta ce, "Mi za ni ce mata ranar da munka gamu? In ce na ci rabonta?" Na ce mata rabon Inna ya ƙare ranar da numfashinta ya ƙare, kuma ita ta fi kowa sanin abin da Inna za ta yi da katin nan da tana iya miƙo hannu. Ta juya fuska bango. Kwana uku ina zuwa. A na huɗu na same ta ta yafa mayafi tana jirana.

Ban shawarci Malama Kausar ba, don ina so in ranar tambaya ta zo ta iya cewa ba a gaya mata ba. Ranar Litinin ce, asibitin cike. Na sa katin a cikin kwandon da kowa ke sa nasa, muka zauna a benci. Ina kallonta tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya har ta zo kansa. Ta tsaya. Ta dubi katin, ta ɗago ta dube ni, ta dubi Laure. Sai ta buɗe baki ta kira, da ƙarfi, yadda take kiran kowa: Zainabu Labbo. Sunan da ni da kai ba mu taɓa furtawa ba tun da muka yi wayo, yau ga shi na rubuta da hannuna. Duk wanda ke bencin nan ya san Inna, rabinsu sun zo gaisuwa. Laure ba ta motsa ba. Malama Kausar ta sake kira. Ni kuwa hawaye sun hana ni ko ɗaga kai. Tsohuwar da ke zaune kusa da Laure, wadda ita da kanta ta yi wa Inna wanka ta sa mata likkafani, ita ce ta taɓa kafaɗarta ta ce, "Tashi mana, ke ake kira." Laure ta dafa ni ta tashi.

Yau wata huɗu ke nan. Duk farkon wata ina kai ta, ana kiran sunan, tana amsawa. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen a unguwa, ko a gidan suna ko a bakin rijiya. Bakinta ya miƙe, tana tafiya da sanda, hannun ya fara riƙe carbi. Gumi dai ya ƙare mata, tukwanen suna nan a kife.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da riƙe wannan ni kaɗai shi ne, an sanar cewa bayan Sallah masu tantancewa za su zo su bi gida-gida. An ce a wasu wurare an samu sunayen mutanen da ba a taɓa haifa ba, da na 'yan uwan masu hali da ke karɓar magani suna sayarwa. Da na ji, na ce Allah Ya ƙara, a kama su, don irinsu ne suka sa gurbi ya yi kaɗan. Sai kuma na tuna a takarda ba abin da ya raba ni da su. In suka zo gidanmu suka tambayi mai katin, ko dai a nuna musu Laure a yi ƙarya a gaban Allah, ko a nuna musu hanyar maƙabarta. In abin ya tonu, aikin Malama Kausar ya tafi, kuma sunan Inna zai shiga jerin macuta, matar da sai da aka yi mata dole kafin ta karɓi haƙƙinta. In kuma na mayar da katin tun yanzu, na san abin da zai biyo baya, na riga na gan shi sau ɗaya. Gaba kura, baya siyaki. Makon jiya na yi ƙarfin hali na yi wa Malama Kausar maganar a karo na farko. Ta ce ita kati take gani, suna take kira, muddin yana cikin kwando za ta kira, ranar da ba ya ciki ba za ta tambaya ba. Ta ce shawara tana gidanmu.

To Yaya, yanzu kai ne babba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, kai ma uwarka ce, na yi amfani da shi ban nemi izininka ba. Ina roƙonka ka yi tunani, in da hali ka tambayi wani malami a can ba tare da ka ambaci kowa ba. Ba sai ka yi dogon bayani a waya ba. Ka ce min a ci gaba, ko ka ce a mayar, zan gane, kuma abin da ka ce shi zan yi ko da bai yi min daɗi ba. Ina kuma roƙonka gafara a kan watanni biyun nan da na riƙe waya ina karkatarwa. In ba za ka iya yafewa yanzu ba, ba zan ga laifinka ba. In Allah Ya kai ka Harami cikin azumin nan, ka sa Inna a gaba, ka sa Malama Kausar, sannan ni.

Ka gaishe min da Baiwa da kyau, ka ce na ga turaren da ta aiko, Allah Ya bar zumunci. Ka shafa min kan Ni'imatullahi. Malam yana gaishe ka, Gwaggo Ummu Hani ma ta ce lallai in sa gaisuwarta, Riskuwa kuma na tambaya ko ka manta alkawarin Alƙur'aninta mai zif. Alhaji Sunusi zai ba ka ƙullin yaji da busasshen kifi kaɗan, a yi sahur.

Laure ta san ina rubuta maka, na karanta mata kafin in rufe. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce in gaishe ka, in ce maka duk ƙwayar da za ta haɗiya sai ta karanta wa Inna Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce kuma kada ka duba halin da take ciki wajen yanke shawara, ka duba abin da zai fisshe ku ku da uwarku. Aron sunan ta yi, in ji ta, ranar da kai mai shi ka aiko, za ta mayar da shi da hannunta.

Wassalamu alaikum.

Ni ce ƙanwarka,
Rauda.